Ni na sayi tayar, sun ce rim ɗin ne bai kai ba

Don Allah ki ba ni shawara kafin Asabar, domin idan ta same ni a yadda nake, sai na tara wa wani mutum jama'a a ƙofar shagonsa.

'Ya'yana biyar, ban yi sakaci da tarbiyyar ko ɗaya ba. Auta shekararsa ashirin, yana koyon aiki a wata maɗaba'a. Bara ya sayi tsohon keke irin na hawan duwatsu. Da shi yake zuwa aiki, da shi kuma yake bin wasu samari bayan gari duk ƙarshen mako, su hau tudu su gangaro kamar marasa iyaye. Yaran yanzu gani suke ana sayar da rai a kasuwa. Ban so ba tun farko, yayarsa ce ta ce gara keke da zaman bakin titi, na haƙura.

Wata biyu da suka wuce ina share baranda na ga tayar gaba ta sule har zare ya leƙo. Na kwafi lambar da ke jikinta, 29, na tafi babban kantin kayan wasanni. Akwai wata 'yar lamba mai ɗigo a gefe, na ɗauka ta kamfani ce, ban rubuta ba. Na ce a ba ni mafi kauri, don ko takalmi mai faɗin ƙasa ya fi riƙe mutum. Aka ba ni mai 29 da 2.6. Da na miƙa wa Auta ya juya ta, ya sake juyawa, ya buɗe baki, sai kawai ya yi godiya. Na ce kada na ga keken ya sake fita da tsohuwar. Ya kai wa mai gyaransu da suke kira Dogo, ya dawo da ita a hannu, wai Dogo ba shi da lokaci. Auta ya zauna ya ɗora ta da kansa, har ya lanƙwasa mini cokula biyu.

A fitarsu ta uku abokansa suka kawo mini shi da karayar kafaɗa, rabin fuska a goge. Wai a wata kwana, suna gangarowa, tayar ta kwanta gefe ta fita daga mazauninta.

Na je wurin Dogo. Ko kunya babu ya ce shi ƙin ɗorawa ya yi. Ya ɗauko wani ƙarfen awo ya sa a cikin rim, wato da'irar ƙarfen da taya ke zama a kai, ya ce faɗin cikinsa milimita sha tara ne, tayata ta fi ƙarfinsa. Wai ko a koma siririyar taya, ko a sa rim mai faɗi, kuma yana da shi a shago. Nan jikina ya ba ni. Ashirin da tara na cire, ashirin da tara na saya, ina maganar milimita ta fito? Na yi sakandare, ba a rikita ni da lamba. Mako guda kafin faɗuwar keken ya wuni a shagonsa gyaran birki. Me ya taɓa? Ba haushin ban sayi tayar a wurinsa ba ne? Sannan ɗana ya ce Dogo ba shi da lokaci, shi kuma Dogo ya ce ƙi ya yi. Ɗaya cikinsu maƙaryaci ne. Na kuma ji cewa abokan nan rage iskar taya suke yi kafin su gangaro. Wane mai hankali ke sace iskar tayarsa? Har aljihunan Auta na bincike ko suna shan wani abu, ban samu komai ba sai notocin keke.

In na tambaye shi sai ya juya fuska bango. Na kulle keken a sito, makulli na jakata. Niyyata in tona asirin Dogo, in sayar da keken. Yayarsa ta ce in na yi haka na rasa yaron yana cikin gida. Ki faɗa mini, wa yake cutata?

Uwar Auta

Mama, sannu da jinya. Kada ki je ranar Asabar.

Na kai lambobinki wurin masu gyara biyu da ba su san Dogo ba, bakinsu ya zo ɗaya da nasa. Lambar farko, 29, girman da'ira ce, kuma kin dace da ita. Ta biyun da kika bari ita ce faɗin taya da inci. Rim mai milimita sha tara an yi shi ne don taya mai inci biyu da 'yan kai. Mai 2.6 tana son wajen milimita talatin ko fiye. In aka cusa ta a siririn rim, gindinta ya matse, cikinta ya turo waje, a miƙaƙƙiyar hanya ba za a gane ba, amma a kwana sai ta kwanta gefe. Rage iska kuwa al'adar masu hawan dutse ce, don taya ta kama ƙasa. A kan rim ɗin da ya dace dabara ce, a kan na Auta ita ta ƙarasa ɓarnar.

Dogo bai yi mini kama da macuci ba. Da macuci ne, da ya ɗora tayar ya karɓi ladansa. Kuma hanya biyu ya ba ki, har da komawa siririyar taya, ke ce kika riƙe ta rim kaɗai. Ban ce kada ki bincika ba, hakkinki ne. Ki cire ƙafar keken ta gaba ki kai wa wani mai gyara ya auna a gabanki, ya duba birkin ma.

Auta yana da nasa laifin, kuma ba ƙarami ba. An gaya masa haɗarin, ya hau, har ya rage iska. Ya kuma yi miki ƙarya. Amma ki dubi irin ƙaryar. Bai ɓoye shaye-shaye ba, kuskuren mahaifiyarsa ya ɓoye. Kyautarki ce, kin ba da umarni, shi kuma ya ga ya fi masa sauƙi ya gangara dutse a kan tayar da ya san ba daidai ba da ya ce miki Mama, ba wannan ba ce. Wannan ya fi maganar rim bukatar gyara. Niyyarki kyakkyawa ce, ke kika lura tayar ta sule a lokacin da mai keken bai damu ba. Sai dai tarbiyyar da ta hana ɗa gyara wa uwarsa lamba ta yi tsauri da yawa.

Ki shiga ɗakinsa ba da tambaya ba. Ki ce masa kin gano tayar ba ta dace ba, kuma da ya faɗa da kin saurara. Daga nan ki yi masa faɗan hawa da ya yi, zai ji shi. Keken kada ki sayar, ƙafar zuwa aikinsa ce. Ki ba shi makullin da sharaɗi: sai likita ya sallame shi, sai da hular kwano, sai an sa tayar da Dogo ya auna. In awon ya tabbata, ki biya ta shagon ki ba shi haƙurin zargin da kika yi masa, girmanki ba zai ragu ba.

Allah ya ɗora kafaɗar Auta daidai, ya sanyaya miki zuciya, ya bar ku tare.