Abba Ya Saka Rigar Ƙasa

Zuwa ga Baban Safiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addini, da fatan rahamar Allah tana lulluɓe da kai a makwancinka, ina sanar da kai cewa muna nan lafiya a Doha, ni da Safiyya da Abba. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, 'yan uwa da abokan arziki ne za su karanta ta. Amma labarin naka ne, kuma ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Abba ya buga wa Najeriya ƙwallo, a gaban idona.

Ka tuna filin yashin nan na bayan gidanmu a Abu Hamour, inda motocin kayan gwari suke juyawa? Ran Juma'a da safe kuke fita kai da shi, tun rana ba ta yi zafi ba. Yaran unguwa, 'yan Sudan da 'yan Masar da 'yan Indiya, kowa so yake a ce shi ya ci. Kai kuwa sai ka mai da ɗanka baya. Yana kuka yana cewa gaba yake so, kana nan a kan bakanka. Daga taga nake jiyo ka kana cewa, "Daina kallon ƙafarsa, ƙafa tana ƙarya. Kalli ƙugunsa." Ni a lokacin ba abin da ya dame ni sai yashin da kuke kwaso mini zuwa falo.

Da wani kulob na garin nan ya ɗauke shi cikin yaransa, kai ne mai kai shi atisaye bayan la'asar, ko kayan aiki ba ka cirewa. Ka dawo kana ba ni labarin yadda ya tare wancan, ya ƙwace wa wannan, ina ta "madalla" ba tare da na gane komai ba.

Sai ciwon nan ya zo, ya tafi da kai kafin mu farga. Abba bai cika sha takwas ba. Ba mu gama karɓar gaisuwa ba maganar zama ta taso, domin kai ne kafil ɗinmu, takardar zamanmu a kan aikinka take. Wurin aikinka sun yi mana kara, sun ba mu lokaci, amma lokacin mai iyaka ne. Safiyya dai jami'arta ta tsaya mata. Ni da Abba kuwa Kano ce a gabanmu, kuma komawa Kano na nufin ya rabu da kulob ɗin da ya girma a ciki. Na fara ɗaure kaya a kwali.

A cikin wannan halin kocin manya ya ce yaron ya zo ya yi atisaye da su. Ya yi ta zuwa. Wata rana da azahar ya shigo ya same ni ina naɗe kwanukan tangaran da jarida. Ya durƙusa ya karɓi farantin da ke hannuna, ya ce, "Umma, khalas, kwance kayan nan. Na sa hannu a kwantiragi da kulob. Ni ne kafil ɗinki yanzu." Baban Safiyya, yaron da nake ɗaure wa igiyar takalmi. Na daɗe ina kallonsa kamar baƙo.

Daga nan na fara zuwa filin wasa, Safiyya tana gefena tana yi mini bayani. A hankali na gane abin da ka yi ta faɗa mini. Mai tsaron baya ba a yi masa tafi kamar mai ci, amma idan ya yi kuskure sau ɗaya kowa ya gani. Abba ba ya garaje. Sai ɗan gaba ya taho a guje kamar zai bi ta kansa, shi ko yana ja da baya a natse, can sai ka ga ƙwallo a ƙafarsa, mutumin ya wuce shi kaɗai. In aka bugo kwana kuwa, yakan tashi sama ya tsaya kamar an rataye shi, har sai na ji numfashina ya ɗauke. Yana tsara magidanta da suka girme shi da hannu, Larabci ga gola, Turanci ga abokin tsaronsa. Hausa sai in ransa ya ɓaci, shi da kansa yake yi wa faɗa.

A kakar wasa ta biyu gwiwarsa ta tafi. Ba wanda ya taɓa shi, juyawa kawai ya yi ya faɗi, filin ya yi tsit. Aka yi masa aiki. Na ga ɗanka yana koyon tafiya da sanduna tsakanin ɗaki da falo, yana salla a kan kujera. Kulob ya kawo wani a gurbinsa, ba kuwa laifinsu ba ne, wasa ba ya jira. Na ce masa ko zai koma karatu. Bai yi musu da ni ba, cewa kawai ya yi, "Umma, ki dai yi mini addu'a." Kullum bayan asuba yana cikin ruwan ninkaya yana motsa ƙafar, da yamma yana wurin likitan gashin ƙashi. Ranar da ya koma wasa, da na ga ya miƙa wannan ƙafar zai tare wani, rufe ido na yi. Da na buɗe yana tsaye.

Kiran gida a kasuwar Souq Waqif ya same mu. Ya raka ni sayen turare da kayan ƙamshi, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, masu baro suna ta "yalla, yalla" ya ba su wuri, bai ma ji su ba. Da ya gama ya riƙo hannuna ya gaya mini. 'Yan wasan Najeriya za su zo Doha su yi sansani, su buga wasan sada zumunci, kuma koci yana so ya gan shi. Ƙasar da bai sani ba sai a hutu, inda 'ya'yan ƙannenka suke kiransa Balarabe saboda Hausarsa. Kwanakin da suka biyo baya taken ƙasa yake ta maimaitawa a ɗaki, Safiyya tana gyara masa.

Ranar wasa jirgin ƙasa muka hau daga tashar Mushairib. Ban taɓa sanin muna da yawa haka a garin nan ba. Likitoci, malaman jami'a, ɗalibai, kowa da kore da fari. Abokan aikinka sun zo da 'ya'yansu, suka yi ta gaishe ni, wasu idonsu ya yi ja. Abba a benci ya fara. Bayan hutun rabin lokaci wani ya ji ciwo, na hango Abba ya miƙe yana cire rigar sama. Na sunkuyar da kai ina addu'a, ko sanarwar shigarsa ban ji ba.

Muna gaba da ci ɗaya, wasa ya kusa tashi. Ɗan gabansu ya kufce, golanmu ya fito, mutumin ya ɗaga ƙwallon ta kansa. Raga ba kowa. Har na ga wasu sun ɗora hannu a ka. Ban san daga ina Abba ya fito ba. Gudu yake kamar ba shi aka yi wa aiki a gwiwa ba, ya zame a ƙasa, ya ɗebe ƙwallon a kan layi, shi kuma ya bugi ƙarfen raga da kafaɗa. Ya tashi ya kakkaɓe jiki, ya fara nuna wa 'yan uwansa inda kowa zai tsaya, kamar ba abin da ya faru.

Sai babban allon filin ya nuno bayansa. A kulob Sulaiman ake rubuta masa, sunansa na yanka. A rigar ƙasa kuwa sunanka ya sa aka rubuta, kuma bai gaya mini ba. Mutane suka karanta, suka ɗauka, filin ya amsa gaba ɗaya. Kai ka sani, tun ranar da aka kawo ni gidanka sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko a asibiti da aka tambaye ni katinka na miƙa. To, ranar na faɗa. Na miƙe tsaye na faɗa da ƙarfi tare da jama'a, na sake faɗa, hawaye yana shiga mini baki. Safiyya ta juyo tana kallona, sannan ta rungume ni. Ka yafe mini wannan rashin kunyar, ban yi nadamarta ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Ya kai maka ladan tarbiyyar da ka bari. Ya tsare wa yaron nan ƙafarsa da zuciyarsa, kada ɗaukaka ta ruɗe shi. Ya sada mu a Aljanna, in ba ka sauran labarin da bakina.

Wassalam.

Matarka,
Umman Safiyya