Injin Yankan Ciyawa da Dashen Mama

Yaya,

Na wuce aiki, ban so in tashe ki ba. Don Allah kada ki bari Baba ya leƙa filin ciyawar da ke bayan gidanmu sai na dawo. Ni zan gaya masa da bakina.

Da safen nan na gama haɗa injin nan mai yankan ciyawa da kansa, wanda na sayo don Baba ya huta da sunkuyo. Na zagaye filin da wayar da ke nuna masa iyaka. Takardarsa ta ce a kwashe duk wani dutse daga cikin ciyawa, ni kuma na kwashe har da guda huɗun nan na kusa da famfo. Wallahi na manta Mama ce ta jera su, ta kewaye ɗan dashen lemon da ta shuka kafin rasuwarta.

Na kunna injin na shiga wanka. Ko da na fito ya aske wurin tas, ya koma mazauninsa yana caji abinsa. Saura ɗan tsinke, bai kai yatsa ba. Na zuba ruwa, na mayar da duwatsun, amma ban ga alamar zai tofo ba.

Na san za ki ce mu sayo wani mu dasa a ɓoye. Ba zai yiwu ba, Yaya. Kullum in Baba ya je ban ruwa sai ya ƙirga ganyen. Jiya ya ce mini sun kai goma sha ɗaya.

Ƙaninki