Dariyar Da Aka Cire Ran Asabar

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da aikinki. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa da ta saba.

Na rubuto ne don a waya kin fi ni baki. Kafin in haɗa magana ɗaya kin yi goma, kin ce ana kiran ki. A takarda dole ki bi ni har ƙarshe. Kada ki dubi rubutun, kin san da furfura na shiga aji.

Ran Asabar na zauna kallon wasanku na shagon wanki da guga. Mai guga ya ƙona rigar mutane, ya cusa ta ƙarƙashin tebur, na jira dariyar nan da ke tashi bayan kowace magana. Shiru. Na ɗauka talabijin ce ta lalace, har na bubbuga ta. Na leƙa wurin maƙwabciya, ta ce, "Tamu ma haka take, Maman Auta. Wai sabon yayi ne. Wasan dariya kamar gidan makoki!" Ɗanta ya ce ke ce babbar marubuta yanzu, ke kika sa aka cire.

Auta, kin san muryar wa ke cikin dariyar nan. Babanki ne kafintan da ya kafa shagon wasan, kuma ranar da aka tara ma'aikata aka ɗauki dariyarsu yana ciki. Tasa ce mai tashi bayan kowa ya gama, ta ƙare da ɗan tari. Tun da ya rasu, duk Asabar nake jin sa a ɗakina. Wa ya ba ki izini? Ki mayar da ita. Kuma ki riƙa cin abinci, an ce kin rame.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Ina gaishe ki, ya ƙafar? Takardarki ta same ni, na karanta har ƙarshe.

Eh, ni ce na sa aka cire. Aikin ya canza, Mama. Da, in mun rubuta magana sai mu bar mata fili a zuba dariya, ɗan wasa ya tsaya ƙiƙam yana jira. Yanzu a waya ake kallo, kuma a cikin filin nan yaro yake ture mu da yatsa ya wuce. Masu kallo sun ce rainin hankali ne a nuna musu inda za su yi dariya. Da, komai aka ɓata ran Asabar, mako mai zuwa an manta. Yanzu so suke in mai guga ya ƙona riga ya biya, matarsa ta yi fushin da zai kai wani makon. Oga ya ce ko mu canza ko a rufe wasan, mutane da yawa su rasa aiki.

Amma ba don oga kaɗai ba ne. Ke a ɗaki kike jin Baba. Ni ina zaune kusa da mai haɗa sauti, ya danna maɓalli yana cewa, "Maganar nan ba ta da daɗi, a ba ta tsohon nan mai tari." Haka suke kiran sa. Duk inda muka kasa, shi ake kirawowa ya rufe mana. Kin tuna makon da aka kawo mai in'ina shagon, yana fama da harshensa? Baba aka sa ya yi masa dariya. Baban da ya je har makaranta ya yi faɗa a kan in'inar Yaya!

Ba zan mayar ba. Ki yi haƙuri. Ki gaishe da Yaya.

'Yarki, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, tunda kin tambaya.

Kina tsammani ban ga makon mai in'ina ba? Yayanki yana zaune gefena. Ya tashi ya fita, ni kuma na zauna. Ki kira ni abin da kika ga dama.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa faɗa ba don kada ranki ya ɓaci. Wasan nan bai taɓa ba ni dariya ba, ko kafin ki fara rubuta shi. Mai guga sakarai ne, matarsa kuma ba macen da za ta zauna da shi. Ni idona a rufe nake kallo. Ba ruwana da abin da suke faɗa, jira kawai nake yi.

Kin ce ana kiran sa tsohon nan mai tari. To me ya hana ki buɗe baki ki ce ubana ne? Kin iya cika takarda ki koya wa uwarki yadda ake kallo a waya, amma gaban mai danna maɓalli kin zama kurma. Kunyarsa kike ji don kafinta ne? In maganarku ce ba daɗi, ku gyara maganar mana. Ku ne kuka kasa, sai aka kori mamaci!

Kuma ko sallama ba ki yi mini ba. Da kin ce, Mama, wannan Asabar ce ta ƙarshe, da na saurara da kyau. Ranar ina ta kai da kawo a kicin, rabi kawai na ji.

Oga ba zai kore ki ba dai ko? Ban yi barci ba kan wannan. Allah ya tsare.

Mahaifiyarki.

*

Mama,

Ina gaisuwa. Ba wanda zai kore ni, ki kwantar da hankalinki.

Ba kunya ba ce. Da sun sani, da kullum sai an juyo an kalle ni in an danna. Amma a kan sallama kin fi ni gaskiya, ban kyauta ba.

Jiya na gaya wa mai haɗa sauti ko wane ne tsohon nan mai tari. Ya zauna ya tsame muryar Baba ita kaɗai daga cikin sauran. Tana cikin ɗan katin da na naɗe a takardar nan, Yaya zai saka miki a waya. Yanzu taki ce, ba sai Asabar ba. Ina roƙon ki kalli na wannan makon da ido a buɗe. Ni na rubuta shi.

Taki, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Katin ya iso, yayanki ya saka. Sau ɗaya na kunna. Mutum yana ta dariya shi kaɗai, ba wanda ya ce masa komai, kamar wanda aka kulle a ɗaki. Na ce ya cire.

Na kalli wasan. Wurin da matar mai guga ta miƙa masa rigarsa da ta ƙona da gangan, ta zauna tana kallon sa ba ta ce uffan ba, na yi dariya. Ta kuɓuce mini ne. Na gama, na saurara, ba wanda ya biyo baya.

Ki gaya wa oganki wasan ya yi. Talabijin kuma na sa an kai ta ɗakin yayanki. Ban huce ba, kada ki kira ni tukuna.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.