Akwatin da ke Ƙarƙashin Gadon Mama

Dar es Salaam, Janairu

Zuwa ga ƙanena Anselmo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Rehema da yara. Yaya ƙafar Mama? Ina fata tana cin abincin da ake ba ta, ba tana tura wa kaji a ɓoye ba. Ka gaida Gwaggo Sesiliya, ko da yake na san za ta ce ita ba ta san wata Redemta ba, sai dai wata baƙuwa mai zuwa da rediyo.

Na rubuto ne saboda a waya sai ka hau tudun coci kafin ka ji ni, kuma da na kama magana mai muhimmanci sai ka ce layi ya yanke. Wannan kam dole ka karanta har ƙarshe.

Ka san shekara mai zuwa zan yi ritaya, kuma har yanzu Dakta nake. Yaran da na koya wa rarrabe saiwar kalma da abin da aka ɗafa mata sun zama farfesoshi, har da Lyimo, wanda yau shi ne shugaban sashenmu, ni ce ke tsayuwa a ƙofar ofishinsa. Bana na miƙa littafina don neman ƙarin girma, kuma wannan ce damata ta ƙarshe. Littafin nan ne da kake cewa na hana kaina aure saboda shi. Idan aka tambaye ka aikina sai ka ce, wai yayarka tana yanka kalmomi kamar kifi. Ba ka yi ƙarya ba. Kusan shekara talatin ina feɗe kalmomin harshenmu, ina nuna yadda kalma guda a bakin Mama ke ɗauke da wanda ya yi abu, da wanda aka yi wa, da lokacin da aka yi, har da ko mai maganar ta gani da idonta.

Dokar jami'a ce a aika da aikin mutum ga wani masani na waje ya duba. Nawa ya faɗa hannun wani Bature, Farfesa Haldorsen, wanda bai taɓa taka ƙauyenmu Msanzila ba. Ya yaba, amma ya ce bai taɓa jin harshe mai irin wannan gini ba a yankinmu, don haka ba zai sa hannu ba sai an ajiye muryoyin da na ɗauka a kaset a inda kowane masani zai iya saurara.

Muryoyin kuwa ka san inda suke. Suna cikin akwatin ƙarfen nan a ƙarƙashin gadon Mama. Tun ranar farko ta gindaya mini sharaɗi, ta ce in ɗauka iya son raina, amma muryarta ba za ta kwana a gidan baƙi ba. Shi ya sa kowane hutu nake zaune a tabarmarta ina saurara ina rubutawa, kana wucewa kana yi mini dariya. A cikin kaset ɗin nan akwai ita, akwai marigayi Kawu Filipo, akwai tsofaffin nan na bakin tafki da duk sun rasu. Yau ba wanda ya rage yana jin harshen nan har ƙasa sai Mama da ni. Gwaggo a mishan ta tashi, kai kuma in ka wuce gaisuwa sai ka zame cikin Suwahili.

Ga abin da nake roƙo. Na samo na'urar da ke kwafe kaset zuwa kwamfuta, zan zo da ita a hutun Ista. Bara da na taɓa mata maganar ta ce, murya biyu ga mace ɗaya, to wacce za ta amsa idan an kira ta? Kai ne ɗan lelenta. Ka fara lallaɓa ta tun yanzu, ka ce mata kaset ɗinta ko ƙofa ba za su tsallake ba. Kuma ka duba kada ruwa ya shiga ɗakin.

Ka rungume mini ita, ko da za ta ture ka.

Yayarka,
Redemta

Dar es Salaam, Maris

Anselmo,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, ina kuma yi mana ta'aziyyar Mama. Allah ya ji ƙanta, ya ba ta hutu. Na san na bar gida ban yi maka sallama ba, kuma Maman Rehema ta biyo ni har tasha da ƙullin busasshen kifi na ƙi karɓa. Ka ba ta haƙuri, ita ba ta yi mini kome ba.

Da ka kira ni ka ce jikinta ya yi tsanani, na je wurin Lyimo neman izinin tafiya. Ya ce in gama duba takardun jarrabawa tukuna, wai tsofaffi sun iya ba da tsoro. Na gama, na shiga mota, ruwa ya cinye hanya bayan Sumbawanga. Kafin in iso kun binne ta. Wannan ban riƙe ka da shi ba, gawa ba ta jira a lokacin damina.

Abin da na riƙe ka da shi, shi ne ka bar ni na shiga ɗakinta ban sani ba. Na durƙusa don in taɓa abin da ya rage mini nata, na tarar da ƙarƙashin gadon a share tas. Na fito ina tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Kai kuwa sai ka ga lokacin gyara igiyar akuya ya yi. Gwaggo Sesiliya ce ta faɗa mini, tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, ke da kika yi karatu har ƙasar Turawa ba ki san al'adar gidanku ba? Duk abin da ya fita daga jikin mace yana bin ta kabari, gashin da ke jikin matajinta, tabarmar da ta sha guminta, muciyar da hannunta ya cinye, don kada ta dawo nema. Ta ce, murya daga ina take fita in ba daga jiki ba?

Na san al'adar, Anselmo. Ni na rubuta ta a babi na farko. Ban taɓa tunanin za ku saka kaset a layi ɗaya da mataji ba. Kuma ba muryar Mama kaɗai ke ciki ba. Kawu Filipo fa? Tsofaffin bakin tafki fa? Da na tambayi Gwaggo haka sai ta ce ai gara ma, sun daɗe suna yawo a akwati, yanzu sun samu mai raka su gida.

Ita tsohuwa ce, ban ga laifinta ba. Kai ka yi makaranta, ka yi aikin jirgin ƙasa, ka karanta wasiƙata ta Janairu. An ce kai da kanka ka shiga ramin aka miƙa maka akwatin, ka gyara masa zama wajen ƙafafunta. Ka san abin da ke ciki, ka san abin da ya rataya a kansa. Ko kaset ɗaya ba ka zare ka sa a aljihu ba.

Ina so ka je wurin dattawa da Fada, limamin coci, ka ce ina neman izinin a buɗe gefen kabarin, wajen ƙafa kawai. Akwatin ƙarfe ne, in aka yi sauri ba za su lalace ba. Na san yadda maganar ke da nauyi a kunne. Ka je duk da haka.

Yayarka, ko da ranta a ɓace,
Redemta

Dar es Salaam, Yuli

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji Rehema ta ci jarrabawarta, ka ce mata na yi murna. Ina fata kun gama girbin masara lafiya.

Wasiƙarka ta zo, na karanta, na ajiye ta na kwana biyu kafin in iya amsawa. Amsar dattawa ba ta ba ni mamaki ba, ta Fada ma haka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ƙarshen takardar. Ka ce ba Gwaggo ce ta kawo shawarar ba, Mama ce da bakinta, tana cikin hankalinta. Ka ce ka karanta mata wasiƙata, ta saurara, sannan ta ce: Redemta ta ji ni shekara da shekaru, in ba ta riƙe ba laifinta, Bature kuma ban san shi ba. Ta sa ka rantse za ka saka mata akwatinta.

Na yarda ta faɗa, don salon maganarta ne sak. To amma kana nufin in yi shiru ke nan? Kana tsammanin zan ce madalla? Ita ta rasu ba ta san mene ne kwamiti ba. Kai ka sani. Ka zaɓi cika mata alkawari, ni kuma ka bar ni da rai in ji da sauran.

Kwamitin ƙarin girman ya zauna makon jiya. Haldorsen ya rubuto cewa yana jajanta mini, amma tunda ba muryar da za a saurara, ba zai iya tabbatar da abin da ke cikin littafin ba. Na tashi na ce musu ga ni a tsaye, a cikin harshen nan aka haife ni, da shi aka yi mini faɗa, da shi nake mafarki. Na ce su kawo na'ura in faɗi kowace kalma da ke littafin. Lyimo ya gyara tabarau ya ce, haba Malama, ke kika koya mana a aji cewa mai bincike ba ya zama shaidar kansa. Gaskiya ne, ni na koya masa, kuma shi ne abu guda da ya riƙe daga darasina. Wani daga sashen lissafi ya tambaya ko akwai tabbacin harshen ya taɓa wanzuwa. Wasa yake yi, har an yi dariya.

An ƙi. A takardar sun ce in sake nema idan na samu sababbin shaidu. Ka gaya mini, a wace maƙabarta zan samo su?

Jiya na gwada tuno yadda Mama ke faɗin kalmar nan ta wanda ya dafa wa baƙo abinci baƙon bai zo ba. Na san gininta gaɓa gaɓa, tana shafi na ɗari da wani abu. Amma inda take ɗaga murya da inda take sauke ta, na faɗa iri biyu, duk biyun suka yi mini daidai a kunne. Na ɗauki waya zan kira ka ka tambayar mini ita. Na zauna na yi kuka a ofis, ƙofa a rufe.

Kada ka sake aiko mini da zuma, ban buɗe ta farkon ba.

Redemta

Dar es Salaam, Fabrairu

Zuwa ga Baban Rehema,

Bayan gaisuwa, ina fata ruwan bana bai yi muku ɓarna ba, kuma tarin Gwaggo ya lafa. Na daɗe ban rubuto ba, ka san dalili. Na ji an yi addu'ar shekara a coci, kuma kun gyara kabarin. Na gode.

Na yi ritaya. An yi mini walima da shayi da biskit, Lyimo ya yi jawabi ya kira ni uwar sashe, aka ba ni agogon bango. Ofishina sun ba wani yaro mai koyar da Turancin kasuwanci, don darasin ginin kalma an haɗe shi da wani, wai ɗalibai ba sa zaɓa. A ƙofar gidana Dakta ce a rubuce, haka kuma za a rubuta a kan dutsen kabarina.

Yanzu ka ji abin dariya. Wata yarinya ta zo har gida, Birgit, ɗalibar Haldorsen. Yarinya mai ladabi, ta cire takalmi, ta gaishe ni da harshenmu, da gaisuwar da ta haddace daga littafin da malaminta ya ƙi sa wa hannu. Ta ce sun samu tallafi don ceto harsunan da ke mutuwa, kuma bincikensu ya nuna cewa mutum ɗaya ya rage mai jin namu sosai. Ta buɗe jaka ta fito da na'ura, ta ce ko zan yarda in zauna tana tambaya ina amsawa.

Ka gane ko? Muryar da ba ta isa shaida ba sa'ad da nake riƙe da alƙalami, yau ta isa, tunda alƙalamin ya koma hannun wata. Ita za ta yi digirinta da bakina, wataƙila ta zama farfesa kafin ta kai arba'in. Ni kuwa zan shiga shafin godiya, inda na saka Mama, da haruffa ƙanana.

Na so in kore ta. Na dubi yadda ta zauna a gefen kujera, ta ƙanƙame jakarta, tana jira kamar yadda na riƙa jira a tabarmar nan. Kuma shekara guda ke nan ban buɗe baki na yi harshen nan da kowa ba, har harshena ya fara nauyi. Na ce ta kunna. Mun yi sati uku muna aiki, kunnenta yana da kyau, ban ɓoye mata kome ba.

Amma na gindaya mata sharaɗi, ta kuma sa hannu, don dokarsu ta ce mai murya shi ke da iko da muryarsa. Na ce ta ɗauka iya son ranta, ta saurara a nan, ta rubuta a nan, muryata ba za ta kwana a gidan baƙi ba. Ta kira malaminta ta faɗa masa, na ji shi yana ɗaga murya ta cikin waya. Na ce ta gaishe shi.

Na sayi akwatin ƙarfe a kasuwar Kariakoo, ƙarami, don abin da suke ɗauka da shi yanzu bai fi ɗan yatsa ba. Yana ƙarƙashin gadona, ta ɓangaren bango, makullin yana cikin gwangwanin shayi. Ba ni da ɗa, ba ni da miji, kai ne za a kira. Ba sai na sa ka rantse ba. Wajen ƙafa za ka ajiye shi, ka riga ka iya.

Ka gaida Maman Rehema. Zumar na buɗe, ta yi daɗi.

Yayarka,
Redemta