Jafaru Zai Ja Gaba a Dutsen Safana

Yasore, ƙasar Batsari,
Watan Rajab, 1954.

Zuwa ga Yaya Hashimu, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ƙane ga wansa, ina fata kana lafiya, kai da Zuwairatu da yara, kuma cinikin goro yana tafiya yadda ake so. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri, Ya maido mana da ku cikin alheri. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da sanda. Amaryata Safiyatu ta sauka lafiya, an samu mace. Zafi ya fara, rijiyar bayan gida ta ja baya, amma hatsi zai kai mu damina in Allah Ya so.

Yaya, maganar ɗanka Jafaru ce ta sa na rubuto, kuma tun da na ga abin da na gani hankalina bai kwanta ba. Ashe a kwaleji ya shiga wata ƙungiya ta 'yan hawan dutse. Duk hutu sai su ɗauki igiya su tafi wani gari, su da wani Bature malaminsu, su hau dutse ta fuskar da ko akuya ba ta bi. Wannan hutun dutsen da ke yamma da gonarmu suka zaɓa, inda muke hango rema muna yara, suka sauka a zaurenmu. Yara ne masu ladabi, ba ni da abin cewa, sai dai suna da al'adunsu da ba sa wasa da su. Da safe suka yi da'ira, suka riƙa miƙa wa juna igiyar hannu da hannu, kowa ya murza ta daga farko har ƙarshe, ya faɗi sunansa da na ubansa, sannan ya miƙa. Ba mai furta kalmar faɗuwa tun daga fita har dawowa; wanda bakinsa ya suɓuce, shi zai wanke kwanonin kowa. Sabon shiga shi ke ɗaukar goran ruwa, kuma ba a kiransa da sunansa sai ya taka ƙoli. Kowa yana da tsakuwar garinsu a aljihu, zai bar ta can sama. Sannan ba mai sa loma a baki sai na ƙarshe ya sauko. Uwargidana Lami ta yi ta dariya, ta ce wannan ai wasan 'yan boko ne. Ni ma na yi dariya.

Na bi su har gindin dutsen don in ga ƙwal uwar daka. Sun yi nisa, sun koma kamar ƙadangaru a jikin bango, sai hasbiya ta fito fur daga wani tsagi, daidai fuskar sabon shigarsu, wani yaro ɗan Tsaskiya mai suna Hamidu. Ƙafarsa guda ta zame, goran ya suɓuce ya zo ya tarwatse kusa da ni. Yaron bai faɗo ba, amma ya manne da dutsen ya sandare, ba gaba ba baya. Baturen yana can sama yana magana, yaro ko motsi. Rana tana ta ɗagawa, dutse yana ɗaukar zafi. Sai na ga wani ya baro inda yake, yana rarrafowa a kaikaice ta wani ɗan gefe da bai kai faɗin tafin hannu ba. Da rigar na gane Jafaru ne. Wallahi Yaya, sai na kama salati. Ya isa, ya tokare ƙafar yaron da kafaɗarsa, ya daɗe yana yi masa magana a kunne, har yaron ya saki hannu ɗaya ya kama sama. Da suka sauko na tambaye shi me ya faɗa masa. Ya ce ba komai, tambayarsa ya yi ta yi sunayen shanun babansa, ɗaya bayan ɗaya, har hankalin yaron ya dawo jikinsa. Tuwon Lami ya huce sarai kafin su ci.

To ga inda damuwar take. A al'adarsu, wanda ya ceci ɗan'uwansa shi ake ɗaura wa ƙullin farko a fita ta gaba, wato shi zai ja gaba. A zaurenmu suka yi abin, suka zagaye shi suna tafi, suka rataya masa igiyar a wuya. Na ɗauka girma ne kawai, sai da Hamidu ya yi mini bayani. Duk na baya akwai wanda ke riƙe masa igiya daga sama. Na gaba kuwa ba kowa a samansa, igiyar a bayansa take ja. Kuma sun sa ranar fita bayan ƙaramar Salla, zuwa wani dutse a ƙasar Safana, lokacin da ruwan farko ya fara jiƙa duwatsu. Ranar kasuwa na je na dubo shi da idona. Ina ɗaga kai ina neman ƙolinsa har hulata ta faɗi ƙasa.

Na zaunar da Jafaru, na ce ya mayar musu da igiyarsu. Ya sunkuyar da kai, ya ce in ya ƙi, ƙa'ida ta ce a ba wanda ya fi daɗewa a cikinsu, shi kuwa wannan yaron ya taɓa karaya a hannu, har yanzu bai gama ƙwari ba. Ya ce da wane ido zai tsaya a ƙasa yana kallonsa? Na ce to ni da wane ido zan dube ka, kai Yaya, in wani abu ya faru? Sai ya ce in kai babansa ka hana, ya hanu, ba zai ƙara ko kalma ba. Na samu Baturen ma, ya ce shi ba ya tilasta wa kowa, amma bai taɓa ganin yaro mai natsuwar Jafaru a kan dutse ba. Wannan yabon bai rage mini komai ba.

Saboda haka magana ta dawo hannunka. Amana ka bar mini, ba zan yanke wannan ni kaɗai ba. Ba zan ɓoye maka ba, ranar nan ina tsoro, ina kuma jin wani irin daɗi da ya cika mini ƙirji, har yau ban san wanda ya rinjaya ba. Don Allah ka aiko da amsa ta hannun fataken farko, kafin azumi ya raba tsakiya. In ba ta iso ba, ni dai zan tafi Safana in tsaya a gindin dutsen da carbina, don iyakar abin da zan iya ke nan.

Lami da Safiyatu suna gaishe ku, haka Baffa Sada na Karare. Ka gaida Zuwairatu, ka lallaɓa kafin ka faɗa mata. A shafa mini kan Talatu da Jinjiri. Inna ba ta san komai ba, na hana kowa ya gaya mata. Ta ce in gaishe ka da kyau, in kuma faɗa maka ka kwantar da hankalinka, boko ya natsar da jikanta, yanzu ko tsamiya ba ya hawa.

Wassalam. Naka mai jiran amsa,
Armaya'u.