Ba kewar Bosso ke damun kunkurun ba

Yaya Umara, babban likita,

Na tafi gonar tattasai, na bar ka kana minshari.

Jiya na kai kunkurun marigayi Baba wurin likitan dabbobi. Idanunsa sun kumbura, hancinsa na kumfa, ƙoƙon bayansa ya yi laushi. Na ce, "Yayana ya ce kewar garinmu Bosso ce." Likitan dabbobin ya yi dariya, ya ce, "Kewar rana dai. Ina yake zama?" Na ce ƙarƙashin gadonka, cikin ruwan da ya yi wata guda, kana ba shi guntun tuwo.

Ka fitar da shi rana, ka sake masa ruwa. Maganin da ya bayar na bisa taga.

Ranar da muka gudu daga Bosso saboda hari, a kaina na ɗauko shi har nan Diffa, harsashi bai taɓa shi ba. Kada kulawarka ta ƙarasa shi.

Kubra