Agogo Uku Na Saita Dominki

Zuwa ga Malamata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka bayan zafi ya gallabi kowa, uwar 'yata, matar da ta shekara tara tana nemo mini makullin shago ba ta taɓa jefa mini shi a fuska ba.

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya san ya yi laifi. Yaya idon? An ce an cire bandejin, kina gani tas? Kina ɗiga maganin a kan lokaci? Ji ni fa, ni ne yau nake yi wa wani maganar lokaci! In dariya ta zo miki ki yi abarki, ba zan ji haushi ba. Ki gaishe da Umma, ki shafa mini kan 'yarmu Tsuntsuwa, ki ce Baba bai manta da takalminta ba, inda ya ajiye shi ne kawai bai sani ba.

Yau kwana talatin da huɗu da komawarki gidan Umma, kuma wannan ce wasiƙa ta bakwai. Shida suna cikin aljihun tebur, babu wadda ta kai rabi. Ta huɗun ma a tsakiyar kalma ta tsaya, wani ya leƙo da agogon hannu, shi ke nan. Yau na rufe ƙofar shago da rana tsaka, na zare batir ɗin duk agogon da ke bango, na tsayar da waɗanda ake yi wa wani da hannu, na sa waya a cikin gwangwanin kusoshi na rufe. Shekara goma sha biyar ina gyaran agogo a ɗakin nan ban taɓa jin shirunsa ba. Wallahi har tsoro yake ba ni.

Bari in gaya miki abin da ya faru ranar da aka yi miki aikin ido, don har yau ba ki ba ni dama ba, ni ma kuma ban san ta inda zan fara ba. Kin ce ƙarfe goma sha biyu za a sallame ki. Kin faɗa sau uku, kin rubuta mini a bayan hannu da jan biron da kike duba jarrabawar ɗalibanki. Ni kuwa da na san halina, ina isa shago na ɗauko agogon tebur uku na saita: ɗaya sha ɗaya, ɗaya sha ɗaya da kwata, ɗaya sha ɗaya da rabi. Na jera su a gabana ina jin kaina wani gwani.

Na farko ya buga, na kashe shi ban ko ɗaga kai ba. Malamata, a shagon nan ƙararrawa tana bugawa sau talatin a yini, ni nake sa su buga don gwaji, kunnena ya daɗe da daina ɗaukarta a matsayin kira. Na biyu ya buga, na ce to, bari in ɗaure wannan kusar in tashi. Na uku ya buga, na dubi agogon hannuna, sai na ga na teburin ya makara da minti biyu. Minti biyu! Na ɗauke shi, na juya shi, na buɗe bayansa. Ban sake sanin ina duniya ba sai da inuwar Yayanki ta rufe mini haske, ƙarfe huɗu saura. Wayata tana cikin aljihun rigar da na rataye, kiranki goma sha ɗaya.

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi, «Na same ta a kan benci, ido a ɗaure, tana tambayar masu wucewa ƙarfe nawa.» Matar mai gyaran agogo tana tambayar baƙi ƙarfe nawa! Na dubi bayan hannuna, rubutunki yana nan, man inji ya ɗan shafe shi.

Sai maganarki ta waya washegari, wadda nake kwana da ita nake tashi da ita: «Ba mantuwa ba ce, matsayina ke nan a wurinka.» Kin lissafo tukunyar da na bari a wuta, da ranar da na kai Tsuntsuwa makaranta babu jaka, da yadda nake katse ki kina tsakiyar magana, da yadda nake ce miki ina ji alhali idona ya nuna na tafi. Duk gaskiya ne, ban da maganar matsayin nan. Amma da me zan kare kaina? Wane miji ne zai ce yana son matarsa kamar ransa, sannan ya bar ta awa huɗu saboda minti biyu? Ni ma da wani ya ba ni labarin nan, cewa zan yi ƙarya yake.

Yayata, ma'aikaciyar jinya, ita ta ja kunnena har gaban likitar ƙwaƙwalwa. Na ce mata ni ba mahaukaci ba ne, ta ce, «Wa ya ce maka? Tashi mu tafi, shiririta.» Sau biyu muka je. Ba allura, ba ɗibar jini, tambayoyi ne kawai kamar ba za su ƙare ba. Yayata ta tona mini asiri tun daga firamare: yadda nake ɓatar da fensir kullum, yadda malamai ke rubuta cewa yaron yana da kai amma ba ya zama. A ƙarshe likita ta rubuta haruffa huɗu a takarda, ADHD. Ta ce matsala ce ta riƙe hankali wuri guda da tsayar da kai, tun yarinta take farawa, kuma mutane da yawa suna girma da ita har su yi furfura ana kiransu sakarkaru.

Ta ce kala uku ce. Akwai wanda hankalinsa ke tafiya yawo, mai mantuwa, mai fara aiki goma bai gama ɗaya ba. Akwai wanda jikinsa ba ya zama, bakinsa ke riga tunaninsa, jira ke zame masa azaba. Akwai kuma wanda ya haɗa biyun. Na ce, to ni wanne ne? Ai ni zama nake yi, har ƙafata ta yi tsami! Ta nuna ƙafar tawa da biro, ashe tun shigowata take kaɗawa. Ta ce a wurin babba, sau da yawa tsalle-tsallen ciki yake komawa. Wai na haɗa biyun. Kin ji, ko a nan ma sai da na yi haɗama.

Ga inda kaina ya kulle, hasken gidana. Kin tuna haɗuwarmu? Kin shigo da agogon marigayi Abbanki a naɗe cikin hankici, masu gyara biyu sun ce ya mutu. Kina tsaye ruwa yana ɗiga daga lemarki, na sa gilashi a ido, na ɗauki hantsaki. Kin tafi makaranta kin koyar kin dawo, kin same ni yadda kika bar ni, shayina ya yi sanyi ƙuda ya faɗa ciki. Na kanga miki agogon a kunne, kika ji yana tafiya, kika yi kuka, kika ce, «Ban taɓa ganin mutum mai natsuwa irinka ba.» A kan maganar nan na aure ki, Malamata, a kanta kuma kika aure ni. Na ba wa likita labarin ina alfahari, don in nuna mata ta yi kuskure. Sai ta gyaɗa kai ta ce shi ma yana ciki: idan abu ya kama hankalin irinmu, sai ya haɗiye mu gaba ɗaya har mu manta da ci da sha da kowa.

To ki gaya mini, don Allah, yaya zan yi da wannan? Abin da ya kawo ki shi ne ya kore ki? Mutumin da ya tayar da agogon Abbanki da mutumin da ya bar ki a benci, ashe guda ne, kuma a kujera ɗaya, da hantsaki ɗaya! Wanne zan kora in bar wanne? Ina zaune a ofishin nan ban san murna zan yi ba ko kuka. Shekara talatin da takwas ina zagin kaina malalaci, marar kan gado, yau an ce abin yana da suna. Na ji sanyi na minti biyar. Sai na ce wa likita, ke nan ba laifina ba ne? Ta cire tabarau ta ce, «Na ba ka bayani, ban ba ka takardar wanke kai ba. Matarka dai ta zauna awa huɗu.» Kai, matar nan da ke za ta yi shiri.

Ta ce akwai magani. Wani yana aiki da wuri, wani sai an yi makonni, kuma sai an gwada a ga wanda ya karɓe ni. Yana iya rage cin abinci ko ya taɓa barci, shi ya sa ta auna hawan jinina da bugun zuciyata. Ba warkarwa yake yi ba, taimako ne. Akwai kuma zama da mai ba da shawara, a koya mini tsara yini, da raba aiki ƙanana-ƙanana, da ajiye makulli wuri ɗaya kamar sauran bayin Allah. Da ta zo kan saita ƙararrawa sai na fashe da dariya har hawaye, Yayata tana zungurina. Likita ta saurari labarin agogo ukun, ta ce ni dai ƙararrawa ba tawa ba ce, sai mun nemo wata dabara.

Ina tsoron maganin, ba zan ɓoye miki ba. In na sha na zama mai zuwa a kan lokaci, amma na kasa nutsewa cikin agogo yadda kika gan ni ranar farko fa? Likita ta ce ba haka yake yi ba, ba ya sauya mutum. Ta yiwu. Ni dai ban san wane ne zai rage ba, kuma ban san ko za ki so shi ba.

Wayyo, gidan nan babu ke! Allon da kike rubuta mana abin yi na mako yana nan a jikin firiji, ya tsaya a ranar aikinki, na kasa gogewa. Tsiron da ke taga na shayar da shi sau uku rana ɗaya, sannan na manta da shi kwana tara. Yana raye, amma ba ya son ganina. Sai yanzu na gane yawan abin da kike ɗauke da shi a ka, naki da nawa da na yarinya, kina kuma tsayawa gaban ɗalibai arba'in. Ashe ba mata kaɗai na mayar da ke ba, har da agogona. Kin gaji, farin watana, kuma kina da gaskiya.

Yayanki ya ce ƙarshen wata za a zauna a yanke magana kan aurenmu. Kafin nan ina roƙon abu ɗaya. Likita tana so ta ji daga bakin wanda yake zaune da ni, ranar Alhamis ƙarfe goma, kafin a tsayar da maganar magani. Ba cewa nake ki dawo gida ba, ban kai nan ba. Ki zo ki faɗa mata komai, har wanda ba ki taɓa faɗa mini ba, kada ki rage mini ko ɗaya. Asibitin da aka yi miki aiki ne, bene na biyu.

Ba zan yi miki alkawarin na daina mantuwa ba, kin sha jin wannan har kin haddace. Ga wanda zan iya: ranar Alhamis ba zan buɗe shago ba, makullin ma yau zan kai wa Yayata tare da wasiƙar nan don ta kawo miki, kafin ta kwana a aljihuna. Daga gida sai asibiti, ba hantsaki, ba agogo a hannu. Ƙarfe shida na safe za ki same ni a bencin nan na ƙofar sashen ido, Yayanki ya kwatanta mini shi, wanda ke kusa da famfo. Ni da jiran minti biyar ke zame wa azaba, zan zauna awa huɗun nan cif, in tambayi masu wucewa ƙarfe nawa. In kin zo, mu hau bene tare. In ba ki zo ba, zan hau ni kaɗai, in kuma dawo wata Alhamis ɗin.

Agogo na ukun kuwa, na gama gyara shi a ranar, kafin Yayanki ya shigo. Ba ya makara ko da daƙiƙa ɗaya. Na kasa kallonsa.

Naki jiya, naki yau, naki har numfashina ya tsaya, ko da na manta inda na ajiye komai a duniyar nan,

Mijinki, Mai Agogo.